Akwatunan da suka haye teku: yadda aikin rajista ke tafiya a gidan tarihin 'yan Yukren

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Yau aka danƙa mini makullin ɗakin ajiya. Gidan tarihin ƙarami ne, ɗakuna biyu da zaure a ƙarƙashin wata majami'ar 'yan Yukren da ke arewacin birnin Winnipeg a Kanada, kuma matan majami'ar ne ke riƙe da shi tun zamanin iyayensu. Ni ɗalibi ne mai karatun adana takardun tarihi. Aikin da aka ba ni shi ne in yi wa kowane abu rajista, in ba shi lamba, in ɗauki hotonsa, in rubuta wanda ya kawo shi da inda ya fito. Ranar Asabar kaɗai nake samun zuwa.

Kaya kam akwai su jibge: riguna masu surfani, rigunan sanyi na fatar tumaki, laujuna, dutsen niƙa na hannu, littattafan addu'a, hotuna cike da kwalaye, da akwatunan katako manya da aka yi hijira da su. Rajista kuwa littafi ɗaya ne da aka fara da hannu aka bari a rabi. Sauran bayanin yana cikin kan shugabar kwamiti, dattijuwa ce da ta haura tamanin, wadda ta yi ƙuruciyarta a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus kafin iyayenta su iso Kanada. Kowa Pani yake ce mata, ni ma haka. Na nuna mata wata riga na tambayi mai ita, nan take ta faɗi sunan matar, da ƙauyensu, da shekarar da ta rasu. Na duba littafi, babu ko ɗaya a ciki. Tun daga nan na sauya tsarin aikin: kafin in koma kan kwalaye, sai na fara kwashe abin da ke cikin kanta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na zauna na karanta tarihin da kayan nan suka fito daga cikinsa, don ba a yi wa abin da ba a sani ba rajista.

A watan Satumba na 1891 wasu manoma biyu daga ƙauyen Nebyliv, Ivan Pylypiw da Wasyl Eleniak, suka sauka Kanada. Su ake ƙirgawa a matsayin na farko. A 1895 wani malamin noma daga Lviv, Dakta Osyp Oleskiv, ya zo ya zaga ƙasar ya koma ya rubuta ƙaramin littafi yana shawartar manoma su nufi Kanada maimakon Birazil. Gwamnati kuma, musamman zamanin da Clifford Sifton yake ministan cikin gida daga 1896, tana neman masu ƙarfin noma da za su cika yammacin ƙasar. Tayin shi ne eka 160 a kan dala 10, da sharaɗin mutum ya zauna shekara uku, ya gina gida, ya nome wani sashe. Ga wanda ya taso a Galisiya ko Bukovina, yankunan da 'yan Yukren na farko suka fito, inda gonar gado ta ƙanƙance saboda rabo, dajin kuma na masu ƙasa ne har itacen girki sai an biya, wannan tayi ba abin ƙi ba ne. Zuwa 1914 kimanin mutum 170,000 sun zo.

Abin da ya shafe ni kai tsaye shi ne takardunsu ba sa cewa Yukren. A lokacin ƙauyukansu suna ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, don haka jami'an Kanada suna rubuta su 'yan Ostiriya, ko 'yan Galisiya, ko Ruteniyawa. Takardar baftisma da Latin take, ta soja da Jamusanci, ta hukumar ƙauye da harshen Polan. Mutum ɗaya sai a same shi da suna iri huɗu. Na buɗe wa kowane mutum shafi guda, ina tara duk rubutun sunansa a ƙarƙashi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun sami asu a cikin rigar fata guda biyu. Na naɗe su a leda na rufe, aka saka su a firizar ɗakin girkin majami'a, za su yi mako a ciki, a fito da su su huce, a sake mayarwa. Na'urar auna laima ta iso. Iskar ɗakin a bushe take ƙwarai yanzu saboda na'urar ɗumama gini, abin tsoron yana gaba, lokacin narkewar ƙanƙara.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi. Su ma suna cikin babban azuminsu na kafin Ista, wanda suka fara ranar 3 ga wata, don haka ba a dafa nama a ɗakin girki. Pani ta hana a kawo shayi ɗakin ajiya muddin ina ciki. Na ce mata ba komai, ta ce: "Ɗana, kai ka yi naka, mu ma mu yi namu ladabin."

Yau muka buɗe akwatin da ya fi kowanne girma. Skrynia suke kiran irinsa, akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe da fentin furanni da suka koɗe. A ƙauye a cikinsa yarinya take tara kayan aurenta tun tana ƙarama, kamar yadda ake tara wa amarya kayan ɗaki a wajenmu, sai hijira ta mai da shi akwatin tafiya. A jikin murfin an rubuta Hamburg da Halifax da Winnipeg da baƙin fenti, hanyar da aka bi ke nan: jirgin ƙasa zuwa gaɓar Jamus, jirgin ruwa ya haye teku, sannan kwanaki a jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Kanada. Jikokin mai akwatin ne suka kawo shi shekarun baya da za su sayar da gidan gona a kusa da Stuartburn, kudu maso gabashin Manitoba, inda 'yan Yukren suka fara sauka a 1896.

A sama akwai rigar mace ta lilin saƙar hannu, hannayenta cike da surfanin baƙin zaren ulu, mai kauri har yana da nauyi. Pani ba ta ko taɓa ta ba ta ce ta yankin Borshchiv ce, don su aka sani da baƙin aiki irin wannan. Ƙarƙashinta akwai dogayen tawul masu ado da ake kira rushnyk, waɗanda ake rataya wa hotunan ibada, ake kuma shimfiɗa wa ango da amarya. Sai bakin gatari ba ƙota, da lauje, da ƙullin tsumma mai ragowar irin shuka. Wannan ya tsaya mini a rai. Mai akwatin ta san ƙota ana sassaƙa ta ko'ina, ƙarfe da iri ne ba a samu a daji. Duk abin da ke ciki an auna shi da hankali kafin a ba shi wuri.

Na tambayi Pani me ya sa suka zaɓi wannan yanki mai duwatsu da fadama alhali ga fili mai kyau a yamma. Ta ce itace suka bi. Mutumin da aka ci tararsa a kan ƙirare a gida, in ya ga daji kyauta ba zai wuce shi ba. Da yawa sun kwana a rami mai rufin ciyawa da ƙasa a sanyin farko, maza suka tafi aikin layin dogo, mata da yara suka tsaya cire kututture da tonon saiwar maganin nan ta seneka suna sayarwa. Na naɗi duk wannan da muryarta, na haɗa shi da lambar akwatin.

Ba a ninke rigar ba kuma. Mun cusa mata takarda marar asid a hannaye, muka kwantar da ita a kwali mai faɗi. Tawul ɗin kuwa an naɗe su a kan bututun kwali.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barka da Sallah ga 'yan uwa, ko da ta wuce da kwanaki.

A ƙasan akwatin akwai gwangwanin biskit cike da wasiƙu, kuma ni ba na karanta rubutun hannu na harshen Yukren. Allah ya kawo mana wata matashiya, malamar makaranta daga Kharkiv, wadda ta zo da ɗanta a 2022 cikin mutum kusan 300,000 da Kanada ta karɓa ta shirin bizar gaggawa bayan mamayar Rasha. Idonta garau ne, tana gane haruffa, amma karin harshen ƙauyen Galisiya na shekara ɗari da suka wuce yana ba ta wuya. Pani kuwa ta san karin tun daga bakin mahaifiyarta, ido ne ya yi rauni. Sai na zaunar da su tebur ɗaya: wannan ta karanta da ƙarfi, waccan ta fassara, ni in rubuta. Tun da na fara aikin nan ban yi dabarar da ta kai wannan amfani ba.

Wasiƙun daga gida ɗaya suke, amma tambarin gidan waya yana ta sauyawa: na Ostiriya, sannan na Polan, sai shiru mai tsawo daga 1939, sai na Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1950. Na zamanin Sobiyet gajeru ne, gaisuwa da godiyar ɗankwalin da aka aiko a ƙunshi, ba ƙorafi ko ɗaya, don mai rubutu ya san ba ɗan uwansa kaɗai zai karanta ba. Kwanan wata ma sai an yi hattara. Wasu da ranar idi aka ƙirga su bisa tsohuwar kalandar coci, wadda take bayan ta gwamnati da kwana 13 a ƙarni na 20. Ina rubuta abin da ke kan takardar yadda yake, lissafina kuma a wani gurbi dabam.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jiya gobarar daji ta kama ƙauyen tarihi na 'yan Yukren da ke gabashin Edmonton a lardin Alberta, wato Ukrainian Cultural Heritage Village. Tsofaffin gidaje da majami'un da aka kwaso aka jera a filin sun tsira, amma gine-ginen karɓar baƙi sun ƙone da kayan tarihin da ke cikinsu. Gobe Ista, bana ta faɗo rana ɗaya a kalandar gabas da ta yamma, mata sun cika zaure da kwandunan burodi da ƙwai da za a sa wa albarka, amma hirar kowa gobarar ce. Malamar nan ta tuna mana gidan tarihin garin Ivankiv na Yukren da ya ƙone a Fabrairun 2022, inda ake ajiye zanen Maria Prymachenko.

Kwamiti ya amince da abin da na daɗe ina roƙo: a saya mana sikana mai kyau da ma'ajiyar kwamfuta biyu, ɗaya ta kwana a wani gini dabam, kwafi na uku kuma a intanet. Kuɗin zai fito daga cinikin pyrohy, ƙullin fulawa mai dankali da cuku da matan suke yi suna sayarwa, wanda da shi ake biyan rabin hidimar wurin nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Ƙwai masu ado, pysanka. Ana zana su da narkakken kakin zuma ta wani ɗan tsinke mai mazurari, a tsoma a rini daga mai haske zuwa mai duhu, a ƙarshe a narkar da kakin. Tsofaffin ba a fasa su an zubar da cikin ba, gwaiduwar ta bushe tana motsi. Kowane ɗaya na yi masa gurbi da auduga, nesa da taga. Laima ta hau, mun kunna na'urar tsotse ta, mun ɗaga komai daga daɓe.

Asabar, 14 ga Yuni

Hayaƙin gobarar dajin arewacin Manitoba ya rufe gari kwanakin nan, tun da aka kwashe mutanen garin Flin Flon a ƙarshen Mayu. Mun toshe tagogi. Aikin sikana na tafiya, wasiƙu sun kusa ƙarewa.

A cikin wani littafin addu'a daga akwatin nan muka sami kati mai hatimai jere, wata bayan wata, da wata takardar sallama. Na ƙanin mai gidan ne, wanda ya zo gab da yaƙi yana aikin layin dogo, bai riga ya sami takardar zama ɗan ƙasa ba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Kanada ta ɗauki duk mai takardar Ostiriya a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Kimanin mutum 80,000 aka tilasta wa yin rajista suna kai kansu wurin 'yan sanda a kai a kai. An tsare mutum 8,579 a sansanoni 24 daga 1914 zuwa 1920, wajen 5,000 daga cikinsu 'yan Yukren ne, mafi yawa leburori da aikin ya yanke musu. An sa su saran daji da gina hanyoyi, har a gandun dajin Banff na lardin Alberta, a kan santi 25 a rana. Takardar da ke hannunmu ta sansanin Brandon ce, a nan Manitoba. A 1916 lardin ya soke koyarwa da harshensu a makarantun gwamnati, a 1917 kuma aka ƙwace ƙuri'ar waɗanda suka zama 'yan ƙasa bayan Maris na 1902. Ƙasar da ta yi musu tayin gona ita ce ta yi musu wannan.

Gwamnati ta lalata yawancin fayilolin tsararrun bayan shekaru, shi ya sa irin wannan kati yake da daraja. Sai a 2005 majalisa ta zartar da dokar amincewa da abin da ya faru, a 2008 aka kafa asusun dala miliyan 10 don tunawa da shi. Mary Manko Haskett, wadda aka tsare tana yarinya a sansanin Spirit Lake kuma ta daɗe tana neman a amince, ta rasu a 2007 ba ta ga asusun ba.

Na kira jikar da ta kawo akwatin. Ba ta taɓa jin labarin ba. Abin da aka gaya musu shi ne kawun nasu ya tafi aiki arewa. Ta yi shiru, sannan ta roƙe ni kada a nuna katin.

Asabar, 12 ga Yuli

Taron kwamiti a kan nunin da za a buɗe baɗi ya yi zafi. Wasu suna son surfani da ƙwai da kayan rawa kaɗai, abin da baƙi ke so su gani. Wani dattijo ya ce ba a shanya kayan ciki a waje. Pani ta ce wanda aka zalunta ba shi ne mai abin kunya ba. Ra'ayina, kuma na faɗe shi a gabansu, gidan tarihin da ya nuna rigar ya ɓoye katin ya faɗi rabin gaskiya, domin daga akwati ɗaya suka fito. Amma katin na iyali ne kafin ya zama na kowa, ba kuma za mu ci amanar wadda ta ba mu ba. An tsaya a kan cewa zai shiga rajista, a yi masa sikana, ba za a nuna shi ba sai da izininta a rubuce.

Na kawo wata maganar da ba a so ji ba. Ekar 160 ɗin ba a sarari ta faɗo ba. Kudancin Manitoba ƙasar 'yan asalin wurin ce, wato Anishinaabe da Cree da Métis, an karɓe ta bisa yarjejeniyar 1871 da ake kira ta ɗaya, an matsa mutanenta gefe kafin baƙi su iso. Akwai zumunci ma da ya kamata a faɗa: ɗankwali mai furanni da matan Yukren suka zo da shi ya shiga adon kakannin Cree har yau, kuma a 2022 da yawa sun ɗaura shi don nuna goyon baya. An yarda a tuntuɓi dattawan 'yan asalin ƙasar kafin a rubuta wannan allon.

Asabar, 23 ga Agusta

Na je Oseredok, babbar cibiyar al'adun Yukren da aka kafa a Winnipeg a 1944, don in ga yadda suke tsara rajistarsu, tun da a can takardun shugaban mawaƙa Oleksander Koshetz suke. Na daidaita guraben namu da irin tsarin da manyan ma'ajiyu ke bi, don wata rana a iya haɗa bayanan. Daga baya na wuce Gardenton na ga majami'ar St. Michael ta gungumen itace, wadda aka gama a 1899. Sunayen dangi biyu da ke cikin wasiƙunmu suna kan gicciyen maƙabartarta.

Asabar, 27 ga Satumba

Pani ta kwanta asibiti mako biyu, ta fito da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ajiye sikana gefe, na ɗauki kwalayen hotuna zuwa gidanta. Hoton biki da mutum arba'in a tsaye, in ba a san ko ɗaya ba, ba ya gaya wa kowa komai. Tana nunawa da yatsa ina rubutawa da fensir a kan kwafi. Mafi yawan hotunan nan na mutanenta ne, su sama da 30,000 da suka zo daga sansanonin Jamus da Ostiriya bayan 1947: makarantar Asabar, ƙungiyar mawaƙa, taron kafa mutum-mutumin marubucin waƙoƙin Yukren Taras Shevchenko a harabar majalisar Manitoba a 1961. Ba ta ɓoye mini cewa ba kullum suke jituwa da jikokin manoman farko ba, su suna ganin waɗancan sun saki harshe, waɗancan suna ganin su da girman kai. Na bar wannan a faifan yadda ta faɗe shi, da yardarta.

Asabar, 25 ga Oktoba

Jikar mai akwatin ta zo da kanta, ita da ɗanta. Ta nemi ganin katin, ta daɗe tana kallon hatiman. Ta sa hannu a takardar izini, da sharaɗi ɗaya: a rubuta cikakken sunan kawun da haruffan Yukren, a sa hotonsa na ranar aure kusa da katin. Za a yi haka.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Yau ranar tunawa da Holodomor ce, yunwar da aka yi a Yukren daga 1932 zuwa 1933, don haka rabin yini muka yi aiki. Ga inda aka kwana. Tufafi da kayan noma sun shiga rajista gaba ɗaya. Wasiƙun gwangwani an gama sikanarsu da fassararsu. Hotuna sun wuce rabi. Kaset-kaset na hirar tsofaffi da wata mata ta naɗa a shekarun 1970 ba a taɓa su ba tukuna, kuma su ne suka fi ba ni tsoro, don zaren wasu ya fara mannewa. Ina neman rediyon kaset mai lafiya da wanda ya san gyaransa.

Malamar Kharkiv ta kawo shawara, kwamiti ya karɓa: a fara tara kayan waɗanda suka zo daga 2022 tun yanzu, alhali masu su suna raye suna iya ba da labari. Ita ta fara, ta ba da makullin gidanta da tikitin jirgin ƙasa zuwa Lviv. Na ba su lamba, na zaunar da ita ta faɗi komai da bakinta, har da sunan titin. An ƙara mini wata shida a kan aikin. Asabar mai zuwa za mu koma gidan Pani da kwalin hotuna na gaba, na shekarun 1950.